Yadda za ki ɗinka kimono mai sauƙi a gida in ɗinkin naki bai yi nisa ba

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Tambayar taki dai ita ce kina da keke a gida, abin da kika iya bai wuce miƙe layi da kalmasa zani ba, kina so ki ɗinka wa kanki kimono, yadi nawa zaki saya, ya ake yankawa, kuma wai dole ne sai an fitar da fatan a takarda tukuna. Toh fatan dai ki cire shi daga ranki, ba kya buƙatarsa. In har kin iya miƙe layi kin iya kimono, don rigar gaba ɗayanta falle-falle ne masu kusurwa huɗu ake haɗawa, babu dat, wato ɗinkin tsuke ƙirji ko kugu, babu zif, babu yankan hammata irin na rigar atamfa da ke sa 'yan koyo kuka. Inda ake faɗuwa wuri biyu ne, wajen zaɓen yadi da wajen ɗora doguwar kwalar nan da ke zagayo wuya ta sauko har ƙasa, kuma nan zan fi daɗewa.

Amma bari mu fara rabe abu biyu, don ban san wanne kike nufi ba sai dai in yi hasashe. Akwai kimono na mutanen Japan, na asali, akwai kuma wanda muke ɗinkawa anan, buɗaɗɗen gaba da ake ɗorawa kan doguwar riga ko kan riga da siket. Namu ɗin a gaskiya ya fi kama da wata rigar sama tasu da suke kira haori, wadda su ma ɗora ta suke a kan kimono ba a rufe gabanta. Na asalin ana yanka shi ne daga wani ɗan siririn yadi da ake kira tanmono, faɗinsa wajen santimita 36 zuwa 38, kusan inci 14 ko 15 kenan, tsawonsa kuma mita 12 da ɗan wani abu, wannan naɗin guda shi ne riga guda. Gida takwas ake raba shi: biyu na jiki, biyu na hannu, biyu sirara da ake ƙarawa a gaba don rigar ta rufa, sai kwala da abin da ake ɗorawa a kan kwalar saboda datti. Duk a miƙe ake yankawa, kafaɗa ma babu ɗinki, yadin ne ke haurowa daga baya ya sauko gaba. Kuma da dalili, a da in za su wanke rigar farke ta suke yi gaba ɗaya, a wanke fallayen, a shanya a miƙe, a sake ɗinkewa da hannu, to kinga wanda zai farke ya sake haɗawa ba zai so yanka mai lanƙwasa ba. In kin taɓa juya babbar rigar saƙi ta kakanni kin duba cikinta zaki ga tunani ɗaya ne, siraran ƙyallaye a jere, an bar faɗin da masaƙa ta bayar shi ya yanke yadda rigar zata kasance. Shi yasa nake ce wa duk wadda nake koya wa, kada ki ce zaki yi wa kimono shef a kugu, da zarar kin soma lanƙwasa gefe kin fita daga kimono kin shiga wata rigar daban, kuma wadda ta fi ƙarfinki a yanzu.

Zan ɗauka namu na gida kike nufi, a ƙarshe in ɗan faɗi abin da ake ƙarawa in na asalin ne.

Yadi. Na san abin da ke ranki shifon ne ko wannan silk ɗin mai sheƙi, don su ake gani a hotuna suna kaɗawa. Dan Allah ki bar su sai karo na biyu ko na uku. Shifon santsi gare shi, kina auna shi yana gudu, ki yanka ki ɗaga kiga gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo da inci biyu ba ki san ta inda akai ba, keke kuma in ba a saita shi ba sai ya dinga tattare ɗinkin ko ya cusa yadin cikin ramin allura. Na farkonki ki yi shi da atamfa ko wani kotin, wato yadin auduga, mara nauyi, ko krep mai ɗan kauri in kina son wanda zai zubo a jiki. Atamfa tana tsayawa inda kika ajiye ta, tana jin guga, alli yana fita a kanta, ko kin yi kuskure kin farke ba ta nuna tabo sosai. Illarta ɗaya, ba ta kwanciya, in kika yi mata faɗi da yawa sai ta tsaya ta buɗe ki ga kin ƙara girma, don haka da atamfa ana rage faɗi, da krep ana iya sakewa. Shadda mai sitati da yawa ban ba ki shawara ba, leshi kuma sai kin iya gyara bakinsa.

In kin shiga Kwari ko duk kasuwar da ke kusa da ke, abu na farko da zaki tambaya faɗin yadin, ba kala ba. Atamfa faɗinta wajen inci 45 ne, su krep da shifon yawanci 58 zuwa 60. Wannan bambancin shi ke yanke yadi nawa zaki saya. Dogon kimono har idon sawu, ga mace matsakaiciya, yadi 3 ya isa in mai faɗin 60 ne, in atamfa ce ki lissafa yadi 4 zuwa 4 da rabi, wato turmi guda zai ba ki rigar har ki samu ɗankwali. Wanda zai tsaya a gwiwa yadi 2 da rabi a mai faɗi, 3 a atamfa. Kuma ki duba zanen atamfar kafin ki biya kuɗi, in zanen yana da sama da ƙasa, irin tsuntsu ko tukunyar fulawa ko rubutu, ki ƙara rabin yadi don ba zaki iya juya fallayen yadda kika ga dama ba. Mai ƙananan zane da ya watsu ko ta ina shi ya fi sauƙi.

Kafin almakashi ya taɓa yadin ki jiƙa shi a ruwa ki shanya ki goge, musamman kotin. Wasu yadin suna tsukewa a wankin farko, wasu atamfofin kuma suna zuba, gara ki gani tun yana yadi. Ni ba na yanka yadin da ban goge ba ko da mai shi tana tsaye a kaina tana sauri.

Awo huɗu kawai zaki ɗauka, kuma ki samu wata ta auna ki, mutum ba ya auna tsawon kansa daidai saboda sunkuyawa. Na ɗaya tsawo, daga kan kafaɗa kusa da wuya zuwa inda kike so ta tsaya, ki sa takalmin da kika saba fita da shi. Na biyu wurin da ya fi faɗi a jikinki, ƙirji ko kwankwaso, duk wanda ya fi. Na uku daga ƙashin ƙeya, tsakiyar bayan wuya, a bi ta kan kafaɗa zuwa wuyan hannu, hannun a sake. Na huɗu zurfin hannu, wato daga kafaɗa zuwa inda kike so ƙasan hannun ya haɗu da jiki, wannan ba a matse shi, inci 10 zuwa 11 ya yi wa yawancin mata, ki tuna akwai riga a ciki.

Bari in ba ki misali da lambobi sai ki sa naki a gurbinsu. A ce tsawo 56, kwankwaso 42, ƙeya zuwa wuyan hannu 30, zurfin hannu 11, duk a inci.

Ki ɗauki 42 ɗin ki ƙara 8 na sakewa ya zama 50, in krep ne kina iya ƙara 10 ko 12. Raba biyu, 25. Ƙara inci 1 na rarar ɗinki, rabin inci kowane gefe, 26. Tsawo kuma 56 ki ƙara rabin inci na kafaɗa da inci 1 da rabi na kalmasar ƙasa, 58. Toh ki yanka falle biyu iri ɗaya, 26 a faɗi 58 a tsawo, ɗaya baya ɗaya gaba. Na gaban ki ninka shi biyu a tsaye ki raba tsakiya, kin samu biyu masu faɗin 13. Daga wannan bakin da kika raba, ki cire inci 3 tun daga sama har ƙasa a kowanne, su dawo 10, wannan gurbin kwala ce zata cike shi. Kada ki zubar da siraran da kika cire, da su zaki yi hancin bel da gwajin ɗinki.

Na bayan ki ninka shi biyu a tsaye, a saman inda ya ninku ki auna inci 3 zuwa gefe, inci 1 zuwa ƙasa, ki haɗa da ɗan lanƙwasa ki yanke. Wannan shi kaɗai ne yanka mai lanƙwasa a rigar gaba ɗaya. Kada ki ga ya yi ƙanƙanta ki ce bari ki ƙara, wuyan kimono in ya yi faɗi rigar zamewa take ta baya, kina tafiya kina janyo ta. In kin buɗe zaki ga kafaɗar baya ta rage inci 10 kowane gefe, daidai da faɗin na gaba, in ba su zo ɗaya ba a nan zaki gyara tun kafin ki hau keke.

Hannu. Jikin rigar ya riga ya cinye inci 12 da rabi daga tsakiyar baya, tunda kafaɗar saukowa take kan damtse. Cire 12 da rabi daga 30, saura 17 da rabi, ƙara rabin inci na haɗi da 1 da rabi na kalmasa, 19 da rabi, ki ce 20 kawai. Faɗinsa zurfin hannu sau biyu da inci 1, 23 kenan. Falle biyu, 23 da 20. In kina yawan shiga kicin da ita ko kina alwala a waje ki rage tsawon da inci 3 ko 4, hannu mai faɗi har wuyan hannu kyau gare shi a hoto amma yana shan miya.

Kwala faɗinta inci 6, in an ninka an ɗinka zata dawo 2 da rabi. Tsawonta 56 sau biyu da wajen 8 na bayan wuya, 120, ki yanka 124 don ki samu abin gyarawa. Ba zaki samu wannan tsawon a yanka ɗaya ba sai kin haɗa, a atamfa gefen da ya rage bayan kin fitar da jiki zai ba ki biyu masu tsawon 62, ki haɗa su haɗin ya zauna a tsakiyar ƙeya. In yadin bai ba ki 62 ba ki yi gida uku, ƙarami a bayan wuya, dogaye a gefe, muddin dai haɗin bai faɗo kan ƙirji ba inda ido ke fara sauka. Bel in kina so, inci 5 a faɗi, 75 zuwa 80 a tsawo. Kwalar da bel ɗin kina iya yinsu da wani yadi mara zane, atamfa mai hayaniya da baƙar kwala ko kalar da ta fito daga cikin zanen tana fin kyau nesa ba kusa ba, kuma tana ɓoye ɗan karkacewa.

Wajen yanka ki shimfiɗa a ƙasa mai tsafta ko babban tebur, ba kan gado ba, katifa lotsawa take. Ki dinga aunawa daga bakin yadi na kamfani, shi ne a miƙe, bakin da ɗan kasuwa ya yanka miki kusan kullum a karkace yake. In kina son layi na gaskiya ki ɗan tsaga bakin ki zaro zare ɗaya ki ja, zai bar miki hanya, ki bi ta da almakashi. Kowane falle ki sa masa alama da alli ta baya, wannan baya ne, wannan gaba dama, wannan sama, don krep fuskarsa da bayansa kusan ɗaya ne da rana, sai kin shiga hasken lantarki kiga hannu ɗaya ya fi ɗaya duhu.

Akwai wata hanyar da zaki gani ana yi, a ninka yadi gida huɗu a zana siffar riga da hannu a haɗe a yanke lokaci guda. Tana da sauri, ban ce ba ta da kyau ba, a yadi mai faɗin 60 hannun zai kai wuyan hannu. Amma a atamfa hannun iyakarsa gwiwar hannu sai kin yi ƙari, zanen ɗaya daga cikin baya da gaba zai kife, kuma kuskure ɗaya da almakashi ya shafi rigar duka. Falle-falle in kin ɓata hannu, hannu kawai zaki sake.

Yanzu keke. Allura lamba 14 ga atamfa, 11 ga krep, 9 ko 11 ga shifon, kuma sabuwa, ba wadda ta shekara a jiki ba. Ko Butterfly ɗin nan na ƙafa ya isa, ba sai na lantarki ba. Ki ninka ƙyalle biyu ki gwada layi, in zaren ƙasa yana yin kunnuwa ko ɗinkin yana tattarewa ki gyara tenshan, wato ƙarfin jan zare, tukuna, ki cire zaren ki sake sawa daga farko, sau da yawa matsalar kenan.

Abu na farko, ki bi wannan lanƙwasar wuyan baya da layi ɗaya, ɗan ƙasa da rabin inci daga baki, falle ɗaya ba haɗi ba. Amfaninsa ya riƙe wuyan kada ya buɗe yayin da kike juya rigar. Sai kafaɗu, fuska da fuska, rabin inci. Ki gyara bakin, ki goge. Zan ta maimaita goge ɗin nan har ki gaji da ni, duk layin da kika ɗinka ki goge shi kafin wani layi ya hau kansa, dutsen guga ya zauna kusa da keke a kunne ko da gawayinsa. Rigar da aka goge sau ɗaya a ƙarshe daga nesa ake gane ta, haɗin kumbura yake.

Hannu ana ɗora shi ne rigar tana buɗe, kafin a rufe gefe. Ki shimfiɗa ta fuska a sama, ki ninka gefen hannu mai 23 ɗin biyu ki gane tsakiyarsa, ki ɗora tsakiyar kan ɗinkin kafaɗa, ki kafa fil daga nan zuwa kowane gefe. Ki auna da tef ki tabbata abin da ya sauka gaba daidai yake da abin da ya sauka baya, 11 da rabi nan 11 da rabi can, a hannu biyun duka. Ki fara ɗinki rabin inci daga farkon gefen mai 23 ɗin ki tsaya rabin inci kafin ƙarshe, wannan ɗan gurbin shi zai sa hammata ta juyu ba tare da ta ƙulle ba. Sannan ki ninka rigar a kafaɗa fuska a ciki, ki ɗinka daga bakin hannu zuwa hammata ki tsaya, ki sake farawa daga hammata zuwa ƙasa. In kin fi so ki bi da layi ɗaya ki yi kwana a hammata ba laifi, amma ki ɗan tsaga kusurwar da bakin almakashi har kusa da zare, ki sake bin wurin da layi na biyu wajen inci 2 kowane gefe, don nan ne wurin da ke fara yagewa ranar da kika ɗaga hannu ɗauko abu a saman wadrob.

In doguwa ce ki bar tsaga a gefe, inci 12 zuwa 15 daga ƙasa, saboda hawa keke napep da matakala. Ki tsaida ɗinki a nan, ki koma baya sau biyu, ki kalmashe bakin tsagar. Aljihu ma a wannan layin ake sawa amma ki bari sai riga ta biyu.

Maganar gyaran baki, kimono buɗaɗɗe ne, iska na kaɗawa ana ganin cikinsa, in kin cire kin rataye a gidan biki ma ana gani, don haka cikin sai ya yi tsaf. Ko ki kai a yi miki wibin wajen masu keken da ke ɗaure bakin yadi, da zare kalar yadin ba fari ba, ko ki yi ɗinki mai ɓoye baki. Shi wannan haka ake yi: ki haɗa fallayen baya da baya, fuska a waje, ki ɗinka kwatan inci, ki rage bakin da almakashi, ki goge, ki juya fuska da fuska ki sake ɗinka kwatan inci, bakin ya shige ciki ya rufu. Aiki biyu ne amma ga shifon da krep mara kauri babu kamarsa. A hammata yana ɗan wahala, nan ki yi haƙuri ki yi a hankali ko ki bar wa wibin.

Ki kalmashe bakin hannu da ƙasan riga kafin kwala, ninki rabin inci sannan inci 1. In krep ne ko shifon ki rataye rigar a hanga ta kwana kafin ki kalmashe ƙasa, yadin yana saki, gobe ki daidaita.

Toh ga kwala, ki natsu a nan. Ki haɗa fallayenta, ki buɗe haɗin ki goge. In yadin mai laushi ne ki manna gwam mara kauri, wato ƙyallen da ake mannawa da guga don ƙara wa yadi ƙarfi, a rabin faɗinta ta baya, aƙalla daga ƙeya zuwa ƙasan ƙirji, atamfa ba lallai ba. Ki ninka ta biyu a tsawo, fuska a waje, ki goge ta fito da kaifi. Ki nemo tsakiyar wuyan baya ki sa fil, ki ɗora haɗin kwala a kansa, bakin kwala da bakin riga a tare, kwalar tana kwance kan fuskar riga. Daga ƙeya zaki fara kafa fil kina saukowa, gefe ɗaya har ƙasa, ki dawo ƙeya ki sauko ɗaya gefen, rigar a shimfiɗe ba a kan cinya ba, fil kowane inci 3 ko 4. A wajen lanƙwasar wuya da kusurwar kafaɗa ki ɗan tsattsaga bakin rigar, ba kwalar ba, har kusa da layin nan da kika yi da farko, sai kiga wuyan ya buɗe ya miƙe ya bi kwalar. Kada ki ja kwala don ta kai, kada ki ja riga. In kika ja riga gaban zai yi igiyar ruwa, in kika ja kwala gaban zai ɗage ya fi baya gajarta, kuma guga ba ya gyara ko ɗaya.

Da kin iso ƙasa zaki ga rarar kwala ta wuce. Ki bar rabin inci ƙasa da kalmasar riga ki yanke sauran, ki juya ƙarshen fuska a ciki ki ɗinke daidai da tsawon rigar, ki juyo, ki tura kusurwar da bayan allura ta fito. Sannan ɗinki, shi ma daga ƙeya zuwa ƙasa, ki yanke zare, ki dawo ƙeya ki yi ɗaya gefen. Mutane da yawa suna farawa daga ƙasan dama su zagaye har ƙasan hagu a layi ɗaya, keke kuwa yana tura falle na sama gaba kaɗan-kaɗan, kafin a kai ƙarshe kwalar ta murɗe kuma gefe ɗaya ya zarce ɗaya. In ba ki yarda da hannunki ba ki fara bi da allurar hannu manya-manya, ki sa rigar ki duba a madubi, sannan ki hau keke, minti ashirin ɗin nan ba asara bane. Bayan nan ki gyara bakin, ki goge shi ya kwanta wajen jikin riga, ki bi da layi ɗaya ta fuska dab da haɗin don ya danne. Wadda ke son cikin ya fita kamar na shago sai ta ɗinka baki ɗaya na kwalar kawai da keke, ɗayan ta ninka rabin inci ta rufe haɗin ta ciki da ɗinkin hannu, yana cin lokaci amma ni shi nake yi wa kayan amare.

Bel ki ninka fuska a ciki, ki ɗinka ki bar ɗan gurbi a tsakiya, ki juyo da bayan fensir, ki goge ki rufe gurbin. Hancinsa ki sa rigar tukuna ki ga inda kugunki yake ki yi alama, kada ki yi hasashe. Ston ko bid in za a sa, a kan kwala da bakin hannu ya isa, kuma sai an gama komai.

Ranar da kika je kan shifon, ki fesa masa sitati ya bushe kafin yanka, ki shimfiɗa shi kan zanin kotin don kada ya zame, ki sa takarda mara kauri a ƙarƙashinsa wajen ɗinki ki yage ta daga baya, kuma ki rage zafin dutsen guga ki gwada a ƙyalle, don yawancin wanda ke kasuwa roba ne, narkewa yake.

In kuwa na Japan ɗin sosai kike so, ki nemi fasalin yukata, shi ne nasu na zafi, kotin ne kuma ba shi da lainin, shi 'yan koyo ke farawa da shi can ma. Bambancin da abin da na faɗa: baya yana da ɗinki a tsakiya, gaba ba a cire inci 3 ɗin nan har ƙasa, a maimakon haka ƙari ake yi na siririn falle wajen inci 6 a kowane gefe don ta rufa sosai, kwalar kuma a karkace take saukowa ta tsaya wajen cinya. Hannun jaka ne, zurfinsa wajen inci 19, an ɗinke ƙasansa da gabansa an bar ƙofar da hannu zai fito, na mata ana barin hammata a buɗe. Tsawon na mata kusan tsawon mai shi ne tun daga kai, rarar ana naɗe ta a kugu a ɗaure sannan a ɗora obi, wannan faffaɗan ɗamarar. Kuma in kin sa, gefen hagu ne ke hawa kan na dama, dama a kan hagu gawa suke yi wa haka, ko hoto zaki ɗauka ki kiyaye wannan. Yadi kuma ki ƙara, atamfa turmi guda zata tafi kusan duka, obi ɗin daban zaki saya masa.